Yadda Manhaja Ke Zana Iyakar Ƙarin Ciwon Daji Kafin A Fara Gashi

Idan ka kunna Portrait a wayarka, sai ta dusashe bango ta bar fuskarka tas. Abin da take yi shi ne bin hoton ɗigo-ɗigo tana tantancewa: wannan jikin mutum ne, wancan bango ne. Irin wannan dabarar ce ta shiga asibitocin masu ciwon daji, sai dai a can kuskuren milimita kaɗan yana iya taɓa rayuwar mutum.

Kafin a yi wa mai ciwon dajin maƙogwaro ko harshe gashi, sai an ɗauki hoton CT na kai da wuya. Hoton yana fitowa ne yanka-yanka, sau da yawa fiye da 100, kuma likita zai bi su ɗaya bayan ɗaya yana zana iyakar ƙarin da ta sassan da ba a so hasken ya lalata. Aikin yakan ci awanni. Wurin kuma a matse yake: ga laka, ga jijiyoyin gani, ga sassan da ke samar da yawu. Galibi ana yin gashin sau 35 cikin mako 7. In zanen ya gaza, an bar wa cutar hanyar dawowa. In ya wuce gona da iri, mara lafiya na iya ƙarewa da bushewar baki da wahalar haɗiya na tsawon shekaru.

A 2015 masu bincike a Jami'ar Freiburg ta Jamus suka fitar da U-Net, wani tsarin ƙirƙirarriyar basira da ke koyo daga hotunan da likitoci suka riga suka zana. Yawancin manhajojin wannan fanni daga gare shi suka samo tushe. A 2016 kamfanin DeepMind ya fara irin wannan aiki da asibitin UCLH na Landan.

Zana lafiyayyun sassa ya fi sauƙi, tunda siffarsu kusan ɗaya ce a jikin kowa. Ƙari kuwa ba shi da tsayayyar siffa, kuma a CT yakan saje da naman da ke kewaye da shi. Ko cikon ƙarfe a haƙori yana ɓata hoton. Shi ya sa ake haɗawa da hoton PET, wanda ke haska inda ake zuƙar sukari da yawa, kamar yadda ƙwayoyin daji ke yi. Gasar HECKTOR da aka fara a 2020 kan wannan haɗin aka gina ta.

Ana auna ƙoƙarin manhaja da makin Dice, daga 0 zuwa 1, gwargwadon yadda zanenta ya hau kan na likita. Ni dai a ganina makin yana ruɗar masu rubuta manhaja: za ka iya samun 0.9 alhali ɗan kuskuren da ya rage yana dab da laka. Su kansu likitocin ma zanensu kan bambanta a hoto guda. Don haka a asibiti manhaja ce ke yin zanen farko, likita ya duba kowane yanki ya gyara kafin a tsara gashin.