Ruwa na wanke gishirin gona, amma sai da mafita

Saƙon murya ne, ya zaga rukunin manoman rani na WhatsApp har ya iso wayata sau huɗu. Mai maganar, wanda da jin yadda yake kwararo bayani ka san bai taɓa kwana a gadin injin ban ruwa ba, ya ce duk gonar da ta yi kanwa a datse ta, a cika ta da ruwa, a bar shi har ya ƙafe a wurin, shi ke nan.

Ban ga laifin waɗanda suka yarda ba. Wanda ya zuba kuɗin iri da fetur, ya wayi gari kan kunya ya yi fari fat kamar an barbaɗa toka, bakin ganyen albasa ya ƙone, duk abin da aka faɗa masa zai gwada. Kuma gaskiya ne ruwa ke fitar da gishiri daga ƙasa.

Ƙaryar tana wajen barinsa ya ƙafe. Ruwan da rana ta shanye shi kaɗai yake tafiya, gishirin yana nan. Dole ruwan ya nutse ya wuce saiwa, ya samu magudanar da zai fice. Inda magudanai suka toshe da kachala, kamar yadda ake fama a kwarin Haɗejiya, ambaliyar sai ta ɗago ruwan ƙarƙashin ƙasa, shi kuma ya riƙa tsotsowa sama yana ajiye sabon gishiri. Haƙa rami tsawon hannu. In ka dawo ka tarar ruwa ya taru a ciki, kada ka soma wankin.

Ko da mafita, a ƙasa mai laka ba da ruwa kashi-kashi, ana barin ƙasa ta sha iska a tsakani, ya fi wanke gishiri, kuma da ruwa kaɗan.

Sauran maganganun mai saƙon ba su da nauyi. Ƙarin takin zamani ba magani ba ne, shi ma gishiri ne. Ban ruwan ɗigo ba ya kawar da gishiri, tura shi yake gefen inda ya jiƙe. Jifsam kuwa yana taimakon ƙasar da kanwa ta daskarar, amma sai an gwada ƙasar tukuna, kuma shi ma sai da wanki.

Malam, kafin ka tayar da inji, fara yashe magudana.