Cin Haƙori Cikin Barci da Ciwon Ɓarin Kai: Iyakar Amfanin Marufin Haƙora

Daga cikin lalurorin da ke damun ɗan Adam alhali shi kansa bai sani ba, har sai matarsa ko abokin kwanansa ya ba shi labari, akwai cin haƙori cikin barci, wato mutum ya riƙa datse muƙamuƙinsa da ƙarfi, ko ya riƙa gurza haƙoran sama a kan na ƙasa, har ƙarar ta hana na kusa da shi runtsawa. An fi ganinsa ga yara, kuma galibinsu sukan bari da kansu idan sun girma, amma a cikin manya ma ana ƙiyasta kusan mutum ɗaya cikin goma yana yi. Da yawa cikinmu in sun ji yaro yana yi sai su ce tsutsar ciki ce, su nemo magani su ɗura masa, alhali kuwa binciken likitoci bai tabbatar da wannan zato ba. Abin da aka fi alaƙanta shi da shi ga manya shi ne damuwa da yawan tunani, da shan taba da giya, da yawaita kofi ko shayi mai kauri ko goro da dare, da wasu magungunan ciwon damuwa, da kuma minshari mai tare da ɗaukewar numfashi.

Illarsa ta farko a kan haƙora take, domin kamar dutsen niƙa ne da ake ta gurzawa babu hatsi a kai, dutsen ne zai ci kansa. Sai ka ga turame sun lafe, haƙoran gaba sun gajarce ko sun tsage, ruwan sanyi ya zama azaba. Illa ta biyu ita ce wadda ta sa muka ɗauki alƙalami. Naman da ke rufe baki, ɗaya a kumatu ɗaya kuma shimfiɗe a gefen goshi, idan ya kwana yana aiki maimakon hutawa, sai mutum ya wayi gari da nauyin kai, da tsamin muƙamuƙi, wani lokaci har da ciwo a gaban kunne, wanda sau da yawa akan ɗauka ciwon kunne ne a yi ta ɗiga magani a banza.

To amma wajibi ne mai karatu ya rarrabe tsakanin wannan da ciwon ɓarin kai, wanda malaman ɗibbu na da suke kira shaƙiƙa. Shi wannan tsohon ciwo ne, har Imamu Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ƙaho a kansa yana cikin harami saboda shi. Alamominsa sanannu ne: yakan kama ɓari ɗaya, yana sara kamar bugun zuciya, yana tafe da tashin zuciya ko amai, mai shi ba ya son haske ko hayaniya, kuma yakan ɗauki daga awa 4 zuwa awa 72 kafin ya saki. Mata sun fi maza fama da shi wajen ninki uku, kuma yana bin jini a dangi. Asalinsa daga ƙwaƙwalwa ne, sai dai hikimar halitta ta sa jijiya guda mai rassa uku ita ce ke kai saƙon ciwo daga goshi da kumatu da muƙamuƙi, ita ce kuma ke aiki a lokacin shaƙiƙa, saboda haka ba abin mamaki ba ne idan wahalar muƙamuƙi ta zama ɗaya daga cikin abubuwan da ke tayar da ciwon ga wanda dama yake da shi.

A kan wannan dalili ne ake kawo zancen marufin haƙora, wato wata roba mai tauri da likitan haƙori yake yi bisa awon bakin mutum, ya sa ta lokacin kwanciya ta shiga tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. Wanda ya fi shahara shi ne wanda aka inganta a Jami'ar Mishigan ta Amurka tun wajen shekarun 1950 zuwa 1960, mai rufe haƙoran sama gaba ɗaya. Daga baya wani likitan haƙori Ba'amurke, James Boyd, wanda shi kansa ya sha fama da ciwon kai, ya fito da ɗan ƙarami mai suna NTI, wanda ake maƙalawa a haƙoran gaba kaɗai don ya hana turame haɗuwa, ta yadda ƙarfin datsewar zai ragu, kuma a shekarar 2001 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a sayar da shi domin rigakafin ciwon ɓarin kai.

A nan ne ya kamata a yi hattara, domin izinin sayarwa daban, tabbacin warkarwa daban. Abin da aka fi yarda da shi shi ne marufin yana kare haƙora daga zaizayewa, kuma yakan sauƙaƙa tsamin muƙamuƙi da ciwon kan safiya ga mutane da dama. Amma ba ya hana cin haƙorin kansa, kuma hujjar cewa yana tsare shaƙiƙa har yanzu mai rauni ce, wasu sun ji sauƙi wasu kuwa ko kaɗan. A ra'ayina, duk wanda ya ce maka roba a baki za ta raba ka da ciwon ɓarin kai, ya faɗi abin da ya wuce iliminsa. Shi ɗan ƙaramin kuma yana da nasa haɗari, don idan aka daɗe ana sa shi ba tare da likita yana dubawa ba, haƙora kan gusa har na gaba su daina haɗuwa, kuma saboda ƙanƙantarsa ana iya haɗiye shi cikin barci. Mai laushin nan da ake saya a kanti a tsoma a ruwan zafi a cije, ga wasu ƙara musu taunar yake yi. Mai minshari da ɗaukewar numfashi kuwa, lallai ya gaya wa likita tukuna, domin marufin na iya tsananta masa matsalar.

Akwai abin da mutum zai yi wa kansa ba da ko kwabo ba. A ƙa'ida haƙoran sama da na ƙasa ba sa taɓa juna sai lokacin tauna ko haɗiya, don haka da rana ya riƙa lura, in ya tarar ya datse su sai ya saki, leɓɓa a rufe haƙora a ware. Ya bar cingam, ya rage goro da shayi bayan la'asar, ya riƙa gasa kumatunsa da tsumma mai ɗumi, ya tsare lokacin barcinsa.

Wanda ciwon ɓarin kai ke yawan dawo masa, asibiti ya kamata ya nufa, domin akwai magungunan rigakafi irin su furofanolol da amitiriftilin waɗanda likita ne kaɗai ke rubuta su bayan ya auna shi. Ya kuma sani cewa shan farasitamol da danginsa kwana 15 ko fiye a wata yana haifar da wani ciwon kai na daban. Amma ciwon da ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko da mutuwar hannu ko karkacewar baki, ko ya kama mace mai ciki tare da kumburi da dishi-dishin gani, wannan ba na jiran likitan haƙori ba ne, a garzaya da mai shi asibiti a wannan sa'ar.