Sana'ar Mai Hoto a Kano: Daga Shago Zuwa Filin Wasa

Idan ana lissafa sana'o'in Kano akan fara da rini da jima da saƙa da ƙira da dukanci, sannan a gangaro kan na zamani kamar ɗinkin keke da tuƙin mota da kanikanci. Da wuya a ji an ambaci mai hoto, alhali kuwa babu gidan da aikin hannunsa bai shiga ba, ko da kuwa ɗan fasfon da maigida ya ɗauka ne zai tafi aikin hajji. A wannan maƙala ina so in bayyana yadda mai hoto yake gudanar da aikinsa a zamanin fim, musamman irin wanda da safe yana shago yana ɗaukar mutane, da la'asar kuma yana bakin fili yana ɗaukar 'yan ƙwallo ko 'yan dambe. Dalilina shi ne, waɗanda suka yi aikin nan sun tsufa, da dama sun riga mu gidan gaskiya, kuma abin da suka bari a akwatuna yana lalacewa.

Shigowar sana'ar

Hotunan Kano na farko da muke gani a littattafai da bangon Gidan Makama, Turawa ne suka ɗauka bayan zuwansu a 1903. Zaman hoto sana'ar da ake ci da ita kuwa ya biyo bayan isowar jirgin ƙasa a 1911 da kafuwar Sabon Gari ba da daɗewa ba. Mafi yawan shagunan hoto na farko a can suke, a hannun Yarbawa da Ibo, kuma a wurinsu yaranmu suka koya. Bayan rikicin 1966, da mutanen Gabas suka bar gari da yawa, sai 'yan ƙasa suka ƙara samun shiga harkar.

Ba kowa ya yi maraba da abin ba. Akwai malaman da suka ɗauke shi a sahun surar da aka hana, akwai kuma masu ganin kama inuwa ne kawai kamar madubi. Abin da ya fi komai sassauta mutane shi ne larura: fasfo na zuwa Makka, takardar jarrabawa, lasisin tuƙi da takardar ɗaukar aiki, duk ba sa yiwuwa sai da hoto.

Aikin shago

Mataki na ƙasa a sana'ar shi ne mai hoton nan-take, wanda akan tarar a gindin bishiya kusa da ofisoshi ko gidan waya. Kyamararsa akwatin katako ne a kan ƙafa uku, da baƙin ƙyalle da yake lulluɓa. Ba ya amfani da fim. Takardar hoto yake sakawa, ya buɗe murfin gilashin da hannu, ya ƙirga a zuci, ya rufe. A cikin akwatin akwai 'yan farantan magani biyu, sai ya zura hannu ta wata jakar ƙyalle ya wanke takardar ba tare da ya gani ba. Abin da zai fito shi ne dodon hoto, wato fuska fara, riga baƙa. Sai ya kafa dodon a gaban kyamarar ya sake ɗaukarsa, sannan hoton gaskiya ya fito. Mutum yakan karɓa da ɗanyen ruwa a jiki.

Mai shago ya fi wannan daraja. Yana da labule mai zanen bene ko jirgin sama, da kujera, da furen roba, da rediyo ko wayar tarho wadda ba a jona ta da komai ba. Wasu sukan ajiye agogo da tabarau da hula don aro. Kada mai karatu ya yi wa wannan dariya, domin wanda ya zo daga ƙauye cin rani, ya tara 'yan kuɗinsa, so yake ya aika gida da kamannin mutumin da yake fatan zama, kuma aikin mai hoto ne ya ba shi wannan kamanni. Shi zai gyara masa zaman hula, ya baza masa hannun babbar riga yadda aikin aska zai fito, ya ɗaga masa haɓa, ya yi ta jan sa da hira har tsoron kyamara ya sake shi. Rashin murmushin da ake gani a hotunan iyayenmu ba fushi ba ne. A wurinsu dattijo ba ya washe baki a abin da za a rataye a bango.

Akwai wata matsala da duk wanda ya yi aikin a ƙasar nan ya sha fama da ita, wato baƙar fata a cikin farin kaya. Fim ba ya iya riƙe tsananin fari da tsananin duhu a lokaci guda kamar yadda ido yake yi. In ka auna haske a kan farar shadda da rawani, fuska za ta dushe, ba ido ba hanci. In ka auna a kan fuska, rigar za ta zama fari fat, aikin da maɗinki ya shafe wata yana yi ya ɓace. Gwanaye sukan ɗauka don fuska, su sa yaro ya riƙe farin kwali daga gefe don ya mayar da haske ƙarƙashin rawani, sannan a ɗakin wanki su ƙara wa rigar haske, suna kare fuskar da tafin hannu ko ɗan kwali a bakin waya. Da wannan ake bambance gwani da ɗan koyo, kuma mai saye yana ganewa ko bai san dalili ba.

Shi ɗakin wanki nan ne asirin sana'ar yake. Fim a duhu ƙirin ake sarrafa shi, takarda kuma a ƙarƙashin jan ƙwai. Magani na farko yana fito da hoto, na biyu ya tsayar da aikin na farko, na uku ya kafe hoton yadda haske ba zai ƙara taɓa shi ba, sannan a ɗauraye da ruwa mai yawa. Kamfanonin da suke yin maganin sun tsara shi ne a kan zafin digiri 20, mu kuwa a bazara Kano tana kaiwa digiri 40. Saboda haka masu hoto sukan sanyaya ruwa a randa ko su sayo ƙanƙara, wasu kuma ba sa wanki sai dare ya raba. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, ƙwaya ɗaya in ta zauna a kan dodo sai ta fito farin ɗigo a goshin amarya. Yaron shago yakan shafe shekara yana shara da ɗebo ruwa da shanya hotuna kafin a bar shi ya taɓa kyamara. Daga abin da ake koya masa a ƙarshe har da gyaran dodo da fensir mai tsini, don rage tabo ko ƙuraje.

Hoton matan aure da suke cikin kulle wani babi ne daban. Mai hoto ba ya shiga sai da izinin maigida, sau da yawa ma yaro ƙarami ake turawa da kyamarar bayan an saita masa ita a zaure. Wannan ya sa hotunan cikin gida na wancan zamani suka yi ƙaranci.

Aikin fili

A shago komai a hannun mai hoto yake: haske, zama, lokaci. In mutum ya ƙifta ido sai a sake. A fili kuwa babu abin da yake hannunsa, kuma ba a maimaita masa. Kyamarar shago irin su Yashica da Rolleiflex, masu idanu biyu da ake leƙawa ta sama, hoto 12 kacal suke ɗauka a fim guda. Ƙananan kyamarori masu fim ɗan milimita 35, irin su Pentax da Nikon, suna kaiwa 36. Wanda ya shiga wasan minti 90 da fim ɗaya ko biyu, dole ya yi tsimi, domin kowace latsawa kuɗi ce daga aljihunsa.

Don a tsayar da mai gudu a hoto ba tare da ya yi dishi-dishi ba, sai ƙofar kyamara ta buɗe ta rufe cikin kashi ɗaya bisa 500 na daƙiƙa ko ƙasa da haka, kuma hakan yana buƙatar haske sosai. Wasanninmu kuwa da la'asar ake farawa. Kafin a je hutun rabin lokaci komai lafiya, amma ƙarshen wasa, lokacin da ƙwallo ta fi zafi, rana ta yi ƙasa. Har ila yau a lokacin da hannu ake saita gilashi. Dabarar da aka saba ita ce mai hoto ya tsuguna a bayan layi kusa da raga, ya saita a kan wani wuri a gaban gola, ya jira ƙwallo ta zo masa. Wace raga zai zauna? Nan sanin wasa yake shigowa. Wanda bai san ƙungiyoyin ba sai ya wuni a bayan ragar da ba a zura komai ba.

A ganina dambe ya fi ƙwallo wuyar ɗauka. 'Yan dambe sukan daɗe suna auna juna, hannu ɗaya a miƙe, ɗaurarren a baya, ba abin da yake faruwa, sannan cikin ƙiftawar ido a yi kisa. In ka latsa bayan ka ga naushi ya sauka, ka makara, abin da za ka samu mutum ne a ƙasa da ƙura. Tsofaffin masu hoton da na zauna da su sun nuna mini cewa ƙafa da kafaɗa suke kallo, kunnensu kuma yana wurin masu kalangu, saboda kiɗa yakan canza in turmi ya ɗau zafi. Haka abin yake a sukuwa da folo da jahin Hawan Daushe a Ƙofar Kudu, inda ban da ƙura da hayaƙin 'yan bindiga, mai hoto yana tsaye ne a gaban dawakin da suka taho a guje, dogarai kuma suna kora.

To, ina kuɗin yake? Kaɗan ne suka samu aikin albashi a jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka kafa a Zariya a 1939, da New Nigerian da ta fara fita a Kaduna ranar 1 ga Janairu 1966, da Triumph ta Kano da aka kafa a 1980, ko kuma a Ma'aikatar Watsa Labarai. Mai aika wa jaridar Kaduna sai ya baro fili ya shiga ɗakin wanki, ya busar da hoto, ya kai tasha ya damƙa wa direba. Sauran kuwa 'yan wasan suke sayar wa hoto: na ƙungiya kafin a take wasa, na ɗan wasa da ƙafa a kan ƙwallo, na ɗan dambe da layunsa. Gaskiyar magana fili suna yake kawowa, shago ne yake ciyar da iyali. Fasfo da biki da suna da hoton sallah su suke sayen fim ɗin da ake ƙonawa a kan Raccah Rovers, wadda ta ci gasar ƙasa a 1978, da Kano Pillars da aka kafa a 1990.

Abubuwan da suka sauya sana'ar

Na farko hoto mai kala ne. Wankinsa yana buƙatar injin da zai riƙe zafin magani daidai a kusan digiri 38, abin da ƙaramin shago ba zai iya ba. Sai manyan gidajen wanki suka karɓe wannan ɓangare, mai hoto ya koma mai kai fim ya jira a layi, gwanintar hannun da na bayyana a baya ta rasa wurin zama. Na biyu faɗuwar darajar naira daga 1986, domin fim da takarda da magani duk daga waje ake shigo da su.

Gasar matasa ta duniya ta 1999 da gasar cin kofin Afirka ta 2000, inda Masar da Senegal da Zambiya da Burkina Faso suka yi wasannin rukuninsu a filin Sani Abacha na Ƙofar Mata, sun kawo masu hoto na ƙasashen waje da gilasai masu tsawon damtse. Namu sun ga tazarar da ke tsakani da idonsu. Daga nan wayar salula ta shigo a 2001, kyamarar dijital ta biyo baya, har kamfanin Kodak da kansa ya nemi kariyar kotu saboda bashi a 2012. Fasfo ma da yake rufa asiri ya ragu, tunda hukumomi da dama yanzu da kwamfutarsu suke ɗaukar fuskar mutum. Masu hoton yau sun fi samu a bukukuwa, kuma a wasa guda suna iya ɗaukar ɗaruruwa su zaɓi goma.

Abin da ya rage a akwatuna

A Benin an yi wani mai hoto, Solomon Osagie Alonge, wanda ya zama mai hoton fadar Oba Akenzua na Biyu, ya kuma buɗe shagonsa a 1942. Ya rasu a 1994, amma saboda an adana dodannin hotunansa, yau suna gidan tarihin Smithsonian a Amurka, an baje kolinsu a 2014, kuma ana nazarin tarihin garin da su. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya. Duk mai son ya san yadda kayan doki da jerin hakimai suke a zamanin Sarki Sanusi na Ɗaya ko farkon sarautar Ado Bayero a 1963, hoto zai nema, kuma da yawansu suna hannun magadan masu hoto da ba su san darajarsu ba.

Hoton da ya koma ruwan ɗorawa, galibi ba a ɗauraye shi sosai ba ne tun ranar wanki. Mai kala kuma ya fi baƙi-da-fari saurin koɗewa, shi ya sa hoton 1960 yakan fi na 1990 kyan gani. Dodo ya fi hoton da aka buga muhimmanci, domin daga shi ake sake fitar da wani, kuma yanzu ana iya kwafe shi a kwamfuta. Malamin da zai tura ɗalibai su tattaro tsofaffin hotunan gidajensu, ya ce su fara juya bayan hoton, saboda masu shago sukan buga hatimi mai sunan shago da titi, wani lokaci har da kwanan wata. Sai a kai wa tsohon da ya fi kowa shekaru a gidan ya faɗi sunayen mutanen da ke ciki da dalilin ɗaukar, a rubuta a baya da fensir, don tawadar biro tana ratsa takarda. A sa shi a ambulan na takarda, ban da leda saboda gumin damina, a ajiye nesa da ƙasa inda gara ba za ta kai ba.