Kumburi, Miƙewa da Faɗaɗawa: Ma'anar Wasu Kalmomin Ingilishi ga Mai Fassara

Ingilishi yana da kalmomi da dama da ke nuna ƙaruwar abu, irin su swell, stretch, expand, extend, enlarge, inflate da dilate. Sau da yawa ɗalibi ko ma'aikacin ofis yakan tattara su duka ya fassara su da "ƙara" ko "faɗaɗa". Manufar wannan lacca ita ce a rarrabe tsakaninsu, a kuma auna su da al'amuran ƙasar Ƙaraye da Rogo, domin takardar hukuma da aka fassara ba daidai ba tana iya haddasa rigima a kan gona ko gida.

Yawan kalmomin yana da dalili na tarihi. Swell da stretch 'yan asalin tsohon Ingilishi ne, kalmomin manoma da masu sana'a. Sauran kuwa daga Latin suka fito, wasunsu ta hanyar Faransanci, bayan Normandawa sun ci Ingila a shekarar 1066. Saboda haka su ne suka fi yawa a harshen doka da likitanci da takardun gwamnati.

Swell shi ne kumburi, watau tasowar abu daga cikinsa, galibi saboda ruwa ko iska ko ciwo. Ƙafa takan kumbura, garin kwaki yakan kumbura in an jiƙa shi, haka ma cikin saniyar da ta ci gyauron dawa. Amma Bature yakan faɗi kalmar ga kogi, Bahaushe kuwa ba ya cewa kogin Calawa ya kumbura, sai dai ya ce ya kawo, ko ya cika ya batse. Stretch kuma jan abu ne har ya miƙe, kamar yadda ake miƙar da ɗanyar fata a kafe ta don ta bushe. Abin lura shi ne ba a ƙara wa fatar kome ba, iyaka dai ta yi faɗi ta rage kauri.

Inda haɗarin ya fi yawa shi ne tsakanin expand da extend. Tushen ta farko yana nufin shimfiɗawa, don haka tana nuna ƙaruwa ta kowane gefe. Tafkin madatsar ruwa ta Calawa, wadda aka kammala a ƙasar Ƙaraye a 1992, yana yin haka kowace damina: ruwan yakan bazu ya rufe filin da ya janye ya bari da rani. Ƙarfe ma yana yin haka in ya ɗauki zafi, shi ya sa injiniyoyi ke barin ɗan tsagi a jikin gada. Tushen ta biyu kuwa miƙawa ne, kuma ta fuska ɗaya take tafiya, ko a tsawo ko a lokaci.

Alal misali, a ɗauka takarda ta iso sakatariyar ƙaramar hukuma game da wata hanya. In expand aka rubuta, to faɗinta za a ƙara, kuma masu gidaje da rumfuna na bakin hanyar su ne za a yi maganar diyya da su. In extend ne, tsawaita ta za a yi zuwa wani ƙauye na gaba, waɗanda abin ya shafa kuwa su ne masu gonakin da ke can inda kwalta ta ƙare. Mai fassarar da ya rubuta "faɗaɗa hanya" a duka biyun ya tayar da hankalin mutanen da ba ruwansu, ya bar masu haƙƙi ba labari. Haka nan in an yi extend ga lokacin biyan bashin taki, Hausar ita ce "ƙara wa'adi".

Wannan kalma ta haifi wata da ta daɗe tana wahalar da masu fassara, watau extension ta aikin gona. An fara amfani da ita ne a jami'o'in Ingila wajen 1873, da nufin miƙa ilmin jami'a ga mutanen da ke wajenta, daga baya Amurka ta kafa ta a doka a 1914 don hidimar manoma. Ta wannan ma'ana ce ake kai binciken Samaru ta Zariya zuwa karkara. Ba gona ake faɗaɗawa ba, ilmi ake miƙawa. Manoma da suka laƙaba wa ma'aikacin suna "malamin gona" sun fi masu rubuta "jami'in faɗaɗa noma" fahimtar aikin nesa ba kusa ba.

Enlarge ƙara girma ne da gangan, kamar na hoto ko ɗaki. A nan akwai tarko, domin "girmama" ba ta nufin haka, ta koma ga daraja. Kuma ƙara yawa daban yake da ƙara girma. Dokar Jihar Kano ta 2019 ta ƙara yawan masarautu ne zuwa biyar, Ƙaraye tana cikinsu, amma ba ta ƙara wa jihar ko taki ɗaya na ƙasa ba. A 2024 an soke wannan tsari, sa'an nan aka sake kafa masarautar Ƙaraye a daraja ta biyu bisa ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo kaɗai. Dilate kuwa ta asibiti ce, buɗewar abu mai zagaye, kamar bakin mahaifa wanda ungozomar asibiti ke jira ya kai santimita 10 kafin haihuwa.

Inflate ta fito daga hura iska, kamar yadda ake yi wa tayar keke. Ma'anarta ita ce girma ba tare da an ƙara kome mai nauyi a ciki ba, kuma daga nan masana tattalin arziki suka ɗauko inflation. Bayan ƙarin albashin Udoji na 1974, wanda aka biya har da ariyas, tashin farashi a Nijeriya ya haura kashi 30 cikin ɗari a 1975, ya kuma sake haura wannan adadi a 2024. "Hauhawar farashi" fassara ce mai kyau da ta karɓu, sai dai hawa kawai take nunawa, ta bar iskar a baya: kuɗi sun yi yawa a aljihu, amma mudun masara a kasuwar Rogo bai ƙaru da ƙwaya ɗaya ba. In kuwa mai binciken kuɗi ya rubuta inflated a kan kwangila, ba kasuwa yake zargi ba, mutum yake zargi, kuma kalmar da ta dace a rubuta a rahoton Hausa ita ce aringizo.