Tafiyar Minti Biyu a Sararin Sama

A arewacin Sikotilan, cikin rukunin tsibiran Orkney, akwai wasu tsibirai biyu da ke kallon juna, Westray da Papa Westray. Tazarar da ke tsakanin filayen jiragen samansu ba ta wuce kilomita 2.7 ba. Ita ce tafiya mafi gajarta a duniya cikin zirga-zirgar jiragen fasinja da ake yi bisa jadawali. Ƙasa da minti biyu take ɗauka, kuma idan iska ta ba da haɗin kai, lokacin da jirgin ke yi a sama bai fi minti ɗaya ba. Wani matuƙi mai suna Stuart Linklater, wanda ya bi wannan hanya fiye da sau 12,000 kafin ya yi ritaya a 2013, ya taɓa kammala ta cikin daƙiƙa 53.

Kamfanin Loganair ne ke wannan jigila tun 1967, da ƙaramin jirgi samfurin Britten-Norman Islander mai ɗaukar fasinja takwas. Jirgin kan taso daga Kirkwall, babban garin Orkney, ya sauka a tsibiri ɗaya, ya tsallaka ɗayan, sannan ya koma. Mazauna Papa Westray kusan mutum 90 ne kacal.

Mai karatu zai iya cewa almubazzaranci ne a tayar da jirgi saboda tazarar da mutum zai taka da ƙafa cikin rabin sa'a da a ce tudu ne. Sai dai teku ce a tsakani, kuma igiyar ruwan yankin kan hana kwale-kwale motsi a lokacin hunturu. Malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da ɗalibai na cikin masu hawa jirgin, haka ma masu zuwa ganin Knap of Howar, gidan duwatsu da ya haura shekara 5,000. Kuɗin tikiti ba zai riƙe irin wannan hanya ba, shi ya sa majalisar tsibiran Orkney ke ba ta tallafi daga baitulmali.

A nan ne nake ganin darasin yake. Hukumar ta auna nisa da wahalar da mutum zai sha kafin ya isa asibiti ko makaranta, ta kuma yarda cewa ƙarancin jama'a bai rage musu haƙƙi ba. Inda aka yanke sufuri, matasa kan yi ƙaura, makaranta ta rufe, gari ya zama kufai.

Mu ma muna da al'ummomin da ruwa ya raba da kasuwa da asibiti. Hatsarin jirgin ruwan da ya auku kusa da Warra a jihar Kebbi cikin watan Mayun 2021 ya ci rayuka masu yawa, kuma ba shi ne na ƙarshe ba a kogin Neja. Ba na kiran a kai wa kowane ƙauye jirgin sama. Ina kira ne ga gwamnatocin da ke zuba biliyoyin naira a filayen jiragen da ba kasafai ake sauka a cikinsu ba, su ware wani kaso domin jiragen ruwa masu inganci, da rigunan kariya, da jadawalin da talaka zai dogara da shi. Mutum casa'in sun isa a tayar musu da jirgi a Orkney. Dubban mazauna bakin kogi a ƙasarmu sun isa a tsallakar da su lafiya.