Dorugu na Dambanas da Marubutan Kirista na Hausa

Duk wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci a Magarya ko Dungas ya san wuyar ranar farko da alƙalami, ya kuma san darajar wanda ya riƙe masa hannu. Masu rubuta littattafai ma sai da mai riƙe musu hannu. Tarihin rubutun Kiristoci cikin Hausar boko shaida ne, kuma mafarinsa yana nan kusa da mu.

A garin Dambanas na ƙasar Kance, maƙwabciyar Magarya, aka haifi wani yaro mai suna Dorugu wajen 1840. An kama shi bauta yana ƙarami, har aka kai shi Kukawa ta Barno. Can ne wani matafiyi Bajamushe, Adolf Overweg, ya ƴanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, Dorugu ya bi Heinrich Barth har Tumbutu, kuma a 1855 suka sauka Ingila tare da abokinsa Abbega.

A Ingila ya zauna wurin Fasto J. F. Schön, wanda ya daɗe yana nazarin Hausa, amma yana bukatar ɗan ƙasa mai gyara masa. Dorugu ya koyi karatu da rubutu, aka yi masa baftisma. Yana faɗin tatsuniyoyi da labarin rayuwarsa, Schön yana rubutawa. Da taimakonsa aka sami littafin nahawu a 1862, da ƙamus a 1876, da Sabon Alkawari a 1880, da littafin Magana Hausa a 1885. Sai dai sunan Schön ne duniya ta sani. Dorugu ya komo Afirka a 1864, ya ƙare kwanakinsa a Kano yana aiki a makarantar Ɗan Hausa, ya rasu a 1912.

Bayan shi, aikin ya koma hannun jama'a. A Zariya da Wusasa, Likita Walter Miller ya shafe shekaru yana zama da malamai Hausawa da ƴan mishan, suna auna kalma ɗaya ɗaya, har Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito a 1932. Daga wannan jama'a ta Wusasa John Tafida ya fito. Shi da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya suka rubuta Jiki Magayi, ɗaya daga cikin littattafai biyar da aka buga bayan gasar 1933. A wannan karo sunan ɗan ƙasa ya hau bangon littafi, kuma Musulmi da Kirista suka karanta shi a makarantu. Daga baya, a 1959, majami'u suka buɗe cibiya a Kitwe ta Zambiya domin horar da marubuta da ƴan jarida na Afirka.

To, ina muke a nan Nijar? Mishan ta SIM ta iso Damagaram tun 1924, amma Littafi Mai Tsarki na Hausa da ake karantawa a majami'unmu fassarar Najeriya ce. Hausar Damagaram, wadda Dorugu ya tashi da ita a baki, ba ta sami rabonta a takarda yadda ya kamata ba.

Abin da ya ɗaga John Tafida ba ya fin ƙarfinmu: mutane kaɗan masu zama su karanta rubutun ɗan uwansu, su gyara masa ƙa'ida, su nema masa maɗaba'a, su kuma sa sunansa a kan aikinsa. Malaman yaƙi da jahilci da shugabannin majami'u da ma'aikatan hukuma a Magarya da Dungas suna iya soma wannan zama da ɗaki guda da ƴan takardu. Wanda yake da labari ko waƙa a ajiye, ya fito da su a karanta.