Ƙaramar remok ta bayan mota: inda ake samunta da araha, da abin dubawa kafin a biya kuɗi

Duk mai ƙaramar mota da ke da gona ko garka a bayan gari ya san wannan matsala: buhu biyu na hatsi sun cika but, na uku ya hau kujerar baya, mota ta durƙusa har salansa tana shafar ƙasa. Sauran kaya sai a nemi amalanke ko a yi shatar bashe, a biya yau, a sake biya jibi. Shi ya sa wasu magidanta a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai suke neman ƙaramar remok, wato ƴar tirela mai taya biyu da ake ɗaurawa a bayan mota. Ba ta shan mai, ba ta da inji, kuma idan an gama aiki sai a kwance ta a jingine a zaure. Sai dai ba kaya ba ce da ake tararwa jere a kanti, kuma wadda aka saya don araharta kawai tana iya cinye kuɗin da ya fi nata a gyaran mota.

Kafin a je kasuwa, motar ce abin fara tambaya. Motocin da aka ƙera don kasuwar Turai suna da wani ɗan faranti ko takarda manne a jikin ginshiƙin ƙofa ko a ƙarƙashin murfin inji, mai ɗauke da lambobi huɗu na nauyi. Ta farko ita ce iyakar nauyin mota da kayanta, ta biyu iyakar nauyin mota haɗe da abin da take ja. Idan aka cire ta farko daga ta biyu, abin da ya rage shi ne ƙarshen abin da motar za ta iya ja, kuma wannan lissafi na remok mai birkinta ne. Mafi yawan ƙananan remok ba su da birki ko kaɗan, birkin mota ne ke tsayar da duka biyun. Ga irin waɗannan, ƙa'idar da masu ƙera motoci a Turai ke bi ita ce kada nauyinsu da kaya ya wuce rabin nauyin mota, kuma ko mota ta kai girman me, kada ya wuce kilo 750.

Lissafin yana sanyaya gwiwa, amma gara a yi shi tun a gida. Mota mai kilo 1,200 rabinta 600 ne. Idan remok kanta ta ci kilo 200, saura 400 na kaya: buhu huɗu na hatsi ƴan kilo 100, ko buhu takwas na siminti. Tano biyu na ruwa masu lita 200 sun riga sun ƙetare iyaka, tun da ƙarfen tanon ma yana da nasa nauyi. Rairayi kuwa shi ne mai yaudara. Akwati mai tsawon mita 2, faɗin mita 1.2 da zurfin santimita 40, idan aka cika shi da rairayi, nauyin ya doshi tan ɗaya da rabi, alhali a ido ba wani abin kirki ba ne. Wanda aikinsa ɗaukar rairayi da tsakuwa ne, ba remok yake buƙata ba, kamyo yake buƙata.

Hanya ta farko ta samun remok ita ce ta kayan Turai na hannu, waɗanda ke zuwa tare da tsofaffin motoci, firiji da kekuna. A Faransa irin waɗannan ƴan remok sun yawaita, na kamfanoni kamar Erdé, Lider da Trigano, waɗanda mutane ke kai shara da kayan lambu da su. Kyawunsu a bayyane yake: ba su da nauyi, ƙarfensu yawanci an yi masa rufin da ke hana tsatsa, fitilunsu a haɗe suke, kuma akwai farantin kamfani a jikin sandar ja da ke faɗin nauyinta da abin da za ta ɗauka. Farashin da ake gani a intanet kada ya ruɗi kowa. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, don haka remok ta yuro 500 ta kusa jika 328 tun tana can, kafin kuɗin jirgin ruwa, na tiransit da na duwan. Tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil a 2023 kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin dako ya bi ta. Wanda zai samu araha a nan shi ne wanda ya tarar da ita ta riga ta iso a wani fakin sayar da motoci, ta daɗe ba mai tayawa.

Aibinsu a ƙafa yake. Ƙanana daga cikinsu suna zuwa da janti mai inci 8 ko 10, an yi su ne don kwalta mai santsi da tafiyar kilomita goma. Tayar inci 8 tana juyawa kusan sau bakwai a inda tayar mota mai inci 13 ke juyawa sau biyar, don haka rulma, abin da kanikawan Najeriya ke kira boris, tana saurin yin zafi. Ƙaramar taya tana faɗawa cikin kowane rami, tana nutsewa a rairayi, kuma ranar da ta fashe tsakanin Tasawa da Takeita ba lalle mai faci ya samu irinta ba. Ga mai zirga-zirga cikin Yamai za ta yi. Ga mai hanyar latarit mai gargada, da wuya ta ga damina biyu.

Hanya ta biyu, wadda ita ce ta fi dacewa da yawancin mutane, ita ce a ba mai walda aiki. Masu ƙera amalanken jaki da na shanu suna ko'ina a kudancin ƙasar, kuma sun daɗe da sanin yadda ake ɗora akwati a kan tsohon gatarin mota. Ƙarfe da kayan mota na hannu ana samunsu a Katako a Yamai da wuraren ƴan gwangwan na kowane babban gari, mutanen Maraɗi da Damagaram kuma sukan sayo daga Katsina ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano idan canjin naira ya yi musu daɗi. Amma amalanke daban, remok daban. Abin da zai bi jaki a hankali ba shi ne zai bi mota tana gudun kilomita 70 ba, kuma a nan ne mai saye ya kamata ya zauna da mai walda su yi magana dalla-dalla.

Gatarin da ya fi kyau shi ne na baya na ƙaramar mota mai ja da ƙafafun gaba, domin sanda ce kawai, ba ta da tulun giya a tsakiya, ba ta da nauyi. Idan da hali a zaɓi wanda ramukan jantinsa suka yi daidai da na motar da za ta ja, ta yadda tayar sekur ɗaya za ta wadatar da duka. Ba adadin ramuka kaɗai ake dubawa ba: ƙananan Toyota da yawa da Peugeot duka rami huɗu ne, amma tazarar ba ɗaya ba ce, na farko milimita 100, na biyu 108, jantin wannan ba ya shiga wancan. Sai lam, wato sifirin. Wasu masu walda sukan like gatari kai tsaye a jikin firam don rage kuɗi, kamar yadda ake yi wa amalanke. Remok irin wannan tsalle take yi a bayan mota, tana fasa ƙwai da tumatir, tana kuma tsattsage waldarta da kanta. Kuɗin lam biyu na hannu ba wurin yin tsimi ba ne.

Wuri na biyu da ba a tsimi shi ne sandar ja. A yi ta da sabon ƙarfe mai kauri, ta shige ƙarƙashin firam har kusa da inda lam ke kamawa, ba a manna ta a goshin akwati kawai ba. Gatari ya ɗan koma baya da tsakiyar akwati. Kafin a shafa fenti, a ɗauki igiya a auna daga bakin sandar ja zuwa kowace ƙafa. Idan awon biyu bai zo ɗaya ba, remok za ta riƙa tafiya a karkace tana cin taya. Kuma a ga waldar tun ba a rufe ta da fenti ba, domin fenti ya sha rufa wa mugun aiki asiri. Daɓen katako ya fi na tol sauƙin nauyi, rago ba ya zamewa a kai, ba ya kuma ɗaukar zafin rana kamar ƙarfe. Yawancin masu walda suna ganin ƙarfi a yawan ƙarfe yake, sai su ƙera abin da shi kaɗai ya kai kilo 350. Kowane kilo da aka ƙara a jikinta an rage shi ne daga kayan da za ta ɗauka. Wajen ciniki, ya fi a rubuta kayan aiki ɗaya bayan ɗaya da farashinsu, kuɗin hannu daban, a ba da abans, cikon sai an ɗaura ta a mota an gwada.

Akwai kuma masu yanke bayan mataccen bashe, Peugeot 504 ko Hilux, su mayar da shi remok. Yana da araha kuma akwati da lam a shirye suke, amma nauyinsa ya fi ƙarfin ƙaramar mota. Wannan na masu kat-kat ne.

Abin da mutane suka fi mantawa a lissafi shi ne maɗaurin da ke jikin motar. Dole ne a ɗaure shi da kusoshi a jikin shasi, a wuraren da kamfani ya tanada, ba a bamba ba, ba kuma a ƴar ƙugiyar nan da ake jan mota da ita idan ta mutu ba. Ƙwallon ƙarfen da remok ke hawa a kai, na Turai milimita 50 ne. Motocin da suka fito daga Amurka, waɗanda suka cika titunan Yamai, nasu da inci ake auna shi, akwai mai milimita 50.8, akwai mai 47.6. Bakin remok ɗin Turai a kan ƙwallo mai 47.6 zai zauna kamar ya kama, sai an hau tudun rage gudu ya fice. Saboda irin wannan rana ake sa sarƙa mai ƙarfi tsakanin remok da shasin mota. Remok da ta kwance a kan hanyar Ƙonni ranar kasuwa, ba mai birki, ba mai tuƙi, kan ƴan kabu-kabu da masu tafiya a ƙasa take nufa.

Fitilu ma haka. Akwati da kaya suna rufe fitilun bayan mota, wanda ke biye ba ya ganin birki ko sigina. Soket ɗin Turai mai baki 7 ne ko 13, kuma mai gyaran wutar mota zai haɗa shi cikin yini ɗaya. A ƙara da abin ƙyalli ja mai kusurwa uku a kowane gefe na baya, alamar da aka keɓe wa remok.

Ta fuskar takardu, permi B yana ba da damar jan remok da ba ta wuce kilo 750 ba. Abin da ya haura haka yana iya buƙatar ƙarin permi. Wadda aka shigo da ita daga waje a karɓi takardar duwan ɗinta, ta mai walda kuma a karɓi rasit mai bayanin abin da aka ƙera. Batun lamba da kart giriz, ofishin sufuri na jiha ne wurin tambaya, tun kafin jandarma ya yi tambayar a kan hanya. A kuma sanar da kamfanin asirans a rubuce cewa motar tana jan remok, don kada ranar hatsari a ce yarjejeniya ba ta shafe ta ba.

Mai sayen ta hannu ya ɗaga kowace ƙafa ya juya: gurnani ko girgiza alamar rulma ta mutu ce. A jikin taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar remok ba ta cika sulɓewa ba, tsufa da rana ne ke tsattsaga ta tana da sauran zane.

Wajen lodi, kaya masu nauyi su zauna a kan gatari da ɗan gabansa, ta yadda bakin sandar ja zai danna maɗauri da kamar kilo 50, abin da namiji zai ɗaga da hannu biyu da ɗan nishi. Idan sandar tana tashi sama da kanta, nauyi ya koma baya, kuma da an ɗan yi gudu remok za ta fara kaɗa wutsiya har ta juya motar. In hakan ta fara, a ɗaga ƙafa daga totur a hankali, kada a taka birki da ƙarfi. Ba a ɗaukar mutane a ciki, ko da ƴan aikin gona ne, ko da tafiyar ba nisa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ido ya riƙa komawa kan allurar zafin inji, musamman a mota mai giyar otomatik. A tafiyar farko kuma a tsaya bayan kilomita 20, a sake ɗaure kusoshin taya, a taɓa tsakiyar kowace ƙafa da bayan hannu: ɗumi ba komai, amma idan hannu bai iya zama ba, rulma na neman giris ko canji kafin a ci gaba.